Ragon Sallama

Shekara goma sha huɗu na yi ina aikin malamin dabbobi a ƙasar Bagudo kafin shaiɗanin canjin aiki ya shafe ni. Aikin ba wani ɓoyayye ba ne. Ka ɗaure akwatin ƙanƙara a bayan babur, ka cika jaka da sirinji da kwalabe, ka bi rugagen Fulani daga Matsinkai har Lafagu kana yi wa shanu allurar rigakafi. Saniya ta harbe ka, bijimi ya taka maka ƙafa, da damina ka tura babur cikin taɓo har gwiwa. In ka dawo gida, 'ya'yan cikinka su toshe hanci kafin su ce maka sannu da zuwa. Albashi kuwa, Allah sarki, yakan shigo gida ya gaisa da mutane, ya fice kafin wata ya raba. Amma ƙarya nake in na ce ba na son aikin. Ina son sa, bakina ne dai ba ya gajiya da zaginsa.

Wanda ya kawo mini fitinar taubashina ne, ɗan kawuna. Tun muna yara ni da shi ba mu taɓa yin maganar hankali ba. Shi yana ce mini likitan jakuna, ni ina ce masa mai tumbi, kuma ko a gaban surukai ba ma fasawa. Allah ya buɗa masa, yana da ƙaton shago a wata kasuwa ta bakin iyaka, inda mutanenmu da na ɓangaren Benin ke sayen maganin dabbobi da dusa da kanwa da gishirin lasa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga shi a gidana. Ya zauna, ya ɗaga kai ya dubi kwanon ɗaki, ya sauke ido kan robar da muka ajiye tsakar ɗaki saboda yoyo.

"Likitan jakuna," in ji shi, "kiwon kifi ka fara?"

"Ruwan sama muke tarawa," na ce. "Ka san mu ba mu saba da na leda ba irinku."

Ya yi dariya har tumbin yana rawa, sannan ya gyara zama. Ya ce yana neman wanda ya san magani, wanda kuma Fulani suka yarda da shi, ya riƙe masa shagon nan. Ya ce duk abin da gwamnati ke ba ni a wata, shi zai ninka sau uku. Daga bayan labule na ji faranti ya faɗi. Maiɗakina ce, wadda ta rantse mini daga baya cewa ba saurare take ba.

Da ya tafi ta shigo ta tsaya, hannu a ƙugu.

"Malam, ni ban ce ka tafi ba, ban kuma ce ka zauna ba. Amma kwanon ɗakin nan ya ce ka tafi."

Kwana da kwanaki ina juya maganar a kan babur. Ga kwano, ga babbar 'yarmu za ta shiga sakandare, ga gwiwata da wani bijimi ya taɓa yi wa aika-aika, duk sanyin safiya sai ta tuna mini da shi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai fansho, in Allah ya kai rai. Akwai kuma wani abu da na kasa samo masa suna, wanda nake ji duk lokacin da na kashe babur a bakin ruga na ji karnuka sun daina haushi don sun gane ni. To wa zai je gaban matarsa ya ce ya ƙi albashi ninki uku saboda karnuka sun san shi?

Sai na yi dabara, kuma har gobe ina cewa dabarar mai kyau ce. Ba zan rubuta takardar ajiye aiki ba. Zan ɗauki hutun shekara, wata guda, in je in ɗanɗana shagon. In ya yi daɗi in rubuto takarda, in bai yi ba in dawo kamar ba a yi ba. Sharaɗin dabarar guda ɗaya ne: in kama bakina. Nan aka samu matsala.

Kwana biyar kafin hutun na je rugar Ardo, can bayan Matsinkai. Ardo dattijo ne dogo, siriri, shugaban rugagen yankin, kuma tun ranar da na fara aiki nake duba masa shanu. Mutum ne da ba ya faɗin magana biyu inda ɗaya za ta isa. In faɗi gaskiya, so nake a roƙe ni. Shekara goma sha huɗu ina shan harbi, ina so ko sau ɗaya in ji wani ya ce, "Malam, in ka tafi mun shiga uku." Da muka gama allura, ina wanke hannu, sai na yi ajiyar zuciya mai ƙarfi yadda zai ji.

"Ardo, wannan ita ce allurata ta ƙarshe a garkenka. Na samu aiki a bakin iyaka. Na bar wannan."

Ban ce hutu ba, ban ce gwaji ba. Na bar wannan, haka na ce, da bakina.

Ardo ya dubi shanunsa. Ya daɗe yana dubansu.

"To," in ji shi. "Allah shi ba da sa'a."

Na jira. Shiru. Na ƙara gishiri.

"Ba zan dawo ba fa, Ardo."

"Na jiya."

Wallahi na hau babur raina a ɓace. Duk hanya ina ta surutu ni kaɗai, ina cewa dubi mutanen da na ƙarar da ƙuruciyata a kansu. Na manta abin da ya kamata a ce na fi kowa sani, cewa Bafulatanin kirki ba ya nuna abin da ke cin ransa da baki. Kunya ba ta barin sa.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, aka yi sallama a ƙofar gidana. Babban ɗan Ardo ne, riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar kuma wani farin rago mai baƙin kunne, ƙato, irin wanda ake ajiye wa layya. Ya ce baffa ya ce a kawo mini na sallama. Kafin in gama buɗe baki sai ga wani daga wata rugar da zabi huɗu a ɗaure. Sai ga mata da ƙorai, wannan man shanu, wannan kindirmo. Wata tsohuwa da na taɓa ɗinke wa akuya, wadda ni na ma manta da ita, ta taho a ƙasa tun daga wajen Lafagu da ƙwan zabi a cikin tsumma. Ashe Ardo ya aika ko'ina cewa likita zai tafi. Kafin azahar tsakar gidana ta koma ƙaramar kasuwa.

Maiɗakina ta jira har kowa ya watse.

"Malam, hutu ka ɗauka ko aiki ka bari?"

"Hutu."

"To waɗannan duk na hutu ne?"

Na ce mata ta bar ni in ji da abin da ke damuna.

"Ni dai abu ɗaya zan faɗa maka. Kada ka taɓa ragon nan sai ka tabbata ba za ka dawo ba."

Shawara ce ta hankali. Amma ragon yana da ƙiba, yarana sai kewaya shi suke suna haɗiyar yawu, ni kuma kaina ya kumbura, ina ganin ashe haka nake da daraja ban sani ba. Washegari na kira mahauci. Aka soya, aka rarraba wa maƙwabta, liman ya zo ya ci hanta ya yi doguwar addu'a Allah ya sa albarka a sabon aikina. Sai da muka shafa na gane abin da na yi wa kaina. Duk unguwa ta shaida na bar aiki, kuma ni na ciyar da shaidun.

Makon farko a shago, kai, aljannar duniya. Ga fanka, ga kujera mai juyawa, ga balangu da rana, ga lemo mai sanyi. Taubashina ya ɗinka mini shadda kala biyu, ya ce kada in zo masa shago ina warin garke. Hannuwana suka fara laushi. Na riƙa zama ina juyi a kujera ina tausaya wa tsohon kaina.

A mako na biyu na san waya. Mutumin nan duk inda yake sai ya kira. "An yi ciniki?" Kafin in ajiye ya sake kira. "Motar dusa ta iso?" Ban gama amsawa ba, "Wa na ji yana magana kusa da kai?" Har ta kai ina cikin salla ina jin ƙarar waya alhali ba ta yi ƙara ba. Wani ciwon kai ya kama ni a ƙeya, ya zauna daram. Duk tsawon shekarun da na yi a daji ba saniyar da ta taɓa tambayata abin da na yi tun safe.

Babbar matsalar kuwa daga ni take. Na kasa sayar da magani ba tare da tambaya ba. Makiyayi zai shigo ya nuna kwalba ya ce ita yake so, sai in ce ya zauna. Saniyar tana cin abinci? Tana tuƙa? Kashinta fa, da tauri ko ruwa-ruwa? A ina take kiwo? Bayan rabin awa sai in ce masa, "Wannan kwalbar ba taka ba ce. Fitar da ita daga fadama, ka ba ta kanwa, in ba ta warware ba ka dawo." Ya tafi yana sa mini albarka, da ƙullin kanwar da bai kai kuɗin shayi ba.

Taubashina ya kama ni a kai har sau biyu.

"Kai, likitan jakuna! Magani na ɗauko ka ka sayar ko wa'azi?"

"Saniyar ba ta bukata."

"Saniyar ce ta shigo shagon ko mai ita?"

In yi masa adalci, ba macuci ba ne, ba ya ajiye jabu ko wanda ya lalace. Shi dai a wurinsa wanda ya zo neman kwalba ya fita da kwalba. Ni kuma in ban san abin da ke damun dabba ba, hannuna ba ya miƙuwa.

Ranar da abin ya fashe ranar kasuwa ce, a mako na uku. Taubashina ya tafi tarbo kaya, ya bar ni ni kaɗai, shago cike har waje. Sai wani magidanci Bafulatani daga ɓangaren Benin ya kutso, zufa na zuba, ya ce in ba shi allurar haihuwa. Karsanarsa ce, haihuwar fari, tun jiya take naƙuda abu ya ƙi fitowa.

"Me ya leƙo?" na ce.

"Ƙafa ɗaya."

Ƙafa ɗaya na nufin maraƙin ya kwanta ba daidai ba. In aka yi mata wannan allurar za ta yi ta yunƙuri har ta yage, a rasa uwa a rasa ɗa. Hannu take bukata.

"Ina take?"

"Nan kusa."

Ni da na san nan kusan Bafulatani, ni ne na yarda. Na ce wa jama'a su yi haƙuri yanzu zan dawo, na ja ƙofa na datse kwaɗo, na jefa makulli a aljihu, na haye bayan baburinsa. Ranar kasuwa, da rana tsaka! Muka bi ta gonakin dawa, muka tsallake rafi, muka wuce wani ƙauye inda rubutun jikin makaranta ya koma Faransanci. Sai da muka yi tafiyar awa guda cur.

Karsanar tana kwance a gindin wata ɗorawa, idanu sun juye. Na tuɓe babbar riga na rataye a reshe, waya na ta kuka a aljihunta, ban ko waiwaya ba. Na ce a kawo ruwa da sabulu da igiya. Na naɗe hannun sabuwar shaddata, na durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, na tura hannu har kafaɗa. Na mayar da maraƙin ciki, na laluba na samo ɗayar ƙafar a lanƙwashe, na miƙe ta, na juyo kan. Muka ɗaura igiya, in ta yunƙura mu ja, in ta huta mu huta. Can sai ga shi ya sulluɓo gaba ɗaya, ya faɗo mini a cinya, ba ya motsi. Na share masa hanci, na ɗebi ciyawa na yi ta goga masa a ƙirji. Mai karsanar ya juya baya don kada in ga fuskarsa. Sai maraƙin ya yi atishawa.

Na fashe da dariya kamar wani taɓaɓɓe. Ina zaune cikin jini da majina, ƙudaje na bi na, na ji daɗin da ban ji ba tun ranar da na hau kujerar nan mai juyawa. Sai a hanyar dawowa na lura ciwon ƙeyar nan ya tafi.

Na iso bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa. Taubashina na zaune a kan benci a ƙofar shagonsa da ke kulle, manyan masu sayensa duk sun koma wurin maƙwabcinsa. An riga an ba shi labarin abin da ya fitar da ni. Ya dube ni daga hula har takalmi. Ya daɗe yana kallon shaddar da ya ɗinka da kuɗinsa.

"Mace ko namiji?" in ji shi.

"Mace."

"Madalla. Ba ni makullina."

Muka yi dariya mu duka biyu, amma tasa ba ta kai ciki ba. Ya ce, "Koma wurin jakunanka. Wallahi kai ba ka taimakuwa." Ya sallame ni da abin da ya isa aka canja rabin kwanon ɗaki, ɗaya rabin ya ci gaba da aikinsa.

Maiɗakina kwana biyu ba ta yi mini doguwar magana ba. Ta riga ta gaya wa 'yan'uwanta mun samu sauyi, ta riga ta zaɓar wa 'yarmu makarantar da za ta fi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Na ji kunyarta ƙwarai, har yau kuma ina ji. A rana ta uku ta ɗauko tsofaffin kayan aikina daga ƙarƙashin gado ta wanke ta shanya.

Komawa ofis ba wuya, hutu ya ƙare na sa hannu. Rugage ne tashin hankalin. Da wane ido zan dubi mutanen da na cinye wa rago da zabi, na shanye musu man shanu? A ƙananan rugage na yi ta 'yan kame-kame, ina cewa manya ne suka matsa mini in dawo. Amma Ardo ba a yi masa irin wannan. Na yi mako uku ina kewaye rugarsa. Rannan a kasuwar Kaoje na hango wani dogon mutum da malafa, na faɗa bayan buhunan shinkafa na laɓe, ni da furfurata, ashe ma ba shi ba ne. Ga lokacin rigakafi yana matsowa, kuma garkensa ya fi na kowa girma.

Sai wata dabarar ta zo mini: in sayi rago in mayar.

"Za ka mayar wa Bafulatani kyautarsa?" in ji maiɗakina. "Malam, anya fankar shagon nan ba ta taɓa maka kai ba?"

Ban saurare ta ba, kamar yadda na saba. Na koma Kaoje na sayi ragon da ƙarfina ya kai, wani ɗan ramamme mai karkataccen ƙaho, wanda ko rabin na Ardo bai kai ba. Na ɗaure shi a kwando a bayan babur, da sassafe na kama hanya.

Na tarar da Ardo zaune a kan buzu, an gama tatsa. Muka gaisa, doguwar gaisuwa, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya, sai ka ce jiya muka rabu. Bai ce ina shago ba, bai ce me ya dawo da kai ba. Ni kuwa zufa ta jiƙa mini riga. Sai ɗan banzan ragon ya yi kuka daga cikin kwando.

Ardo ya karkata kai.

"Wanga fa, mi ya same shi?"

"Lafiyarsa lau."

"To mi ya sa likita ke yawo da mai lafiya?"

Nan na zube. Na gaya masa komai. Na ce hutu na ɗauka, ban taɓa ajiye aiki ba. Na ce so nake ya roƙe ni in zauna, da ya ƙi sai na ji haushi. Na ce ragonsa kuwa na ci, Ardo, har ƙashi na tauna, liman ma ya ci. Na ce wannan na kawo ne a madadinsa, na san bai kai ba.

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauka fushi ne, sai na ga kafaɗunsa suna girgiza. Shekara goma sha huɗu, ranar na fara ganin haƙoran Ardo. Ya yi dariya har ya share ido da bakin rawani.

"Abin da muka ba ka mun ba ka," in ji shi. "Ba a maido muna da shi. Amma kwance wanga ka sa shi cikin tumaki. Naka ne, mu kiwata maka. Ranar da ka sake zuwa ka ce za ka tafi, shi za mu ba ka, kada ka ƙara cinye muna namu."

Ya miƙe ya ɗauki sandarsa.

"Tashi, akwai maraƙin da ke tari."

Yau shekara shida ke nan. Taubashina yana da shago uku. Wanda ya ɗauka a madadina ya gina gida mai bene, in na bi ta wurin sai in kawar da kai, don ba zan ɓoye ba, abin yana sosa mini rai. 'Yata ta yi makarantar da ƙarfinmu ya kai. Ragon kuwa ya samu kiwo, ya yi ƙiba, karkataccen ƙahon ya murɗe. Duk zuwan da zan yi sai wani ya nuna mini shi ya ce, "Likita, ragonka na gaishe ka." Sau biyu aiki ya ishe ni har na fara tunanin wata hanyar, sai in tuna sai na je na tsaya gaban ragon nan a miƙo mini igiyarsa, sai in fasa.

Da daminar bara Ardo ya rasu. Na je gaisuwa, na kuma koma bayan an yi rabon gado. Da zan tafi, babban ɗansa ya rako ni har wurin babur. Ya ce da aka zo raba tumaki sun ware ragon gefe, don baffa ya bar wasiyya cewa ba nasa ba ne, na likita ne, kada a sayar, kada a yanka.

"Ko za ka tafi da shi yanzu?" in ji shi.

Na dubi ragon. Ya tsufa, haƙora sun zube, yana kwance a inuwa yana tuƙa da ƙyar. Na yi gyaran murya.

"A'a," na ce. "Bar shi nan. Ban tashi tafiya ba."